Ina ake samun kifin turawut idan sanyi ya kai maƙura?

Ɗan Yauri:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina zaune a Baltimo ta jihar Merilan, kuma na samu hutun mako guda a tsakiyar Janairu. Tun bazara na fara koyon fatsar nan ta mutanen ƙasar, wadda ba a sa mata tana, sai ƙugiya da aka naɗe da zare da gashin tsuntsu ta yi kamar ƙwaro, nauyin igiyar ne ke kai ta inda ake so. Kifin da nake bi shi ne turawut, wani kifi mai son ruwan sanyi. To rafin da na saba zuwa yanzu bakinsa duk ya daskare, ƙanƙara sai yawo take a tsakiya, ko motsin kifi babu. Ni ɗan masunta ne, zaman ɗaki wata uku ba tare da na ga ruwa ba yana damuna ƙwarai. Waɗanda suka riga mu a wannan harka, ina ake dosa a irin wannan muku-mukun? Ko sai na hau jirgi zuwa yamma?

Injiniya Bashir:
Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin ka tambayi gari, tambayi inda ruwan ya fito. A tsananin ɗari ruwa iri biyu ne kawai ke riƙe kifi da kuzari: wanda ke fitowa daga gindin babban dam, da wanda ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin ƙasa. Rafin da kake zuwa na ruwan sama ne da narkakkiyar ƙanƙara, shi ya sa yake bin iska. Iska ta yi sanyi, ya yi sanyi har ya kusa daskarewa, kifin ya kwanta a gurbi ya daina cin kirki.

Dalilin na dam kuwa ga shi. Ruwa ya fi nauyi idan yana wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas. Saboda haka a tafki mai zurfi, ko saman ya zama ƙanƙarar da mota za ta iya takawa, can ƙasa ruwan yana nan a kusan digiri 4. Dam ɗin da ke sakin ruwa ta ƙasa wannan ruwan yake turowa kogi. Da rani ya fi na kewaye sanyi, da hunturu ya fi shi ɗumi. Shi ya sa 'yan kilomitocin farko a gindin dam ba sa daskarewa, ƙwari na ci gaba da ƙyanƙyashewa, kifi na ci gaba da kiwo. Kana yin nisa da dam ɗin iska na sake cin ƙarfin ruwan, sai ka fara ganin ƙanƙara a gefe.

Kawu Sale na Denba:
Injiniya ya gama magana. Ɗana, in har za ka hau jirgi, to mu nan Kolorado ba a rufe kamun turawut duk shekara. Kogin South Platte yana da wurare da dama a gindin madatsu: Cheesman Canyon, da Deckers, da Eleven Mile. Akwai Blue River da ke ratsa garin Silverthorne a ƙasan dam ɗin Dillon, kana fatsa kana hango shaguna. Sai kogin Fryingpan kusa da garin Basalt, a ƙasan tafkin Ruedi. Waɗannan biyun na ƙarshe, da kogin Taylor, suna da wani abu na daban: an taɓa zuba wasu 'yan mitsi-mitsin jatan lande a tafkunan, su kuma suna biyo ruwa ta cikin dam, kifin da ke bakin mafita sai dai ya buɗe baki. Shi ya sa ake samun manya masu ƙiba a wurin.

Amma in ni ne kai, mai koyo, kogin San Juan zan nufa a jihar Niyu Meziko, ƙasan dam ɗin Navajo da aka gama a 1962. Ruwan yana zama tsakanin digiri 5 zuwa 7 kusan kullum, kifi ga yawa, ƙasan kogin ba ta da wahalar takawa, kuma rana tana fitowa sosai a can. Abu ɗaya dai, da hunturu tafkin kan juya, wato ruwan sama da na ƙasa su gauraye, ruwan ya ɗan gurɓace ya yi kore-kore, sai an sa abin da kifi zai iya hangowa.

Hajiya Maman Ilham:
Kawu, da girmanka, amma ban yarda yaron nan ya kashe kuɗin jirgi da otal da hayar mota ba alhali abin da yake nema yana bayan gidansa. Ɗan Yauri, kogin Gunpowder bai kai tafiyar awa guda daga inda kake ba. Daga dam ɗin Prettyboy yake fitowa, kuma akwai turawut mai launin ruwan ƙasa da ke haihuwa da kansa a ciki, ba zubawa ake yi ba. Sashen da ke kusa da dam ɗin na kama-ka-saki ne, ba a sa tana ko wani abinci, kuma a buɗe yake duk shekara.

In ka gaji da shi, ka hauro mana nan Fensilbaniya, wajen Carlisle, tafiyar da ba ta wuce awa biyu ba. Ƙasarmu ta dutsen farar ƙasa ce, ruwa yana bi ta ƙarƙashi ya fito a idanun ruwa da ɗuminsa wajen digiri 10 zuwa 11, ko a Agusta ko a Janairu. Kamar dai ruwan rijiya da asubar hunturu a gida, ka ja guga ka ji shi da ɗumi alhali na randa ya gagari hannu. Mu da maigidana rafin Big Spring muke zuwa, a Newville. Ranar da aka tashi da sanyin da hancinka ke mannewa in ka ja numfashi, za ka tarar da tururi yana tashi a kan ruwan, ciyayin bakin rafi sun yi fari fat da raɓar da ta daskare, amma cikin ruwan ganye kore shar yana kaɗawa, kifi na tsaye a gefensa yana tsintar ƙwari. Akwai kuma Falling Spring a Chambersburg, da Yellow Breeches wajen Boiling Springs. Letort ma yana nan cikin Carlisle, amma kada ka fara da shi, kifinsa na jin takun mutum tun daga nesa, ko gwanaye suna komawa gida hannu rabbana.

Kawu Sale na Denba:
Hajiya, ban ƙi ta taki ba. Sai dai rafukanku ƙanana ne, ruwan garai-garai, kifin ya ga mutum ya gaji. Mai koyo zai yi kwana uku bai ji an ja igiyarsa ba, zuciyarsa ta mutu. A San Juan ko Green River ta jihar Yuta, ƙasan dam ɗin Flaming Gorge, zai ga kifi da idonsa birjik. Daga dam ɗin zuwa wurin da ake kira Little Hole mil 7 ne, akwai hanyar ƙafa a bakin kogin, kuma a Janairu ba cunkoson jiragen ruwa irin na bazara.

Hajiya Maman Ilham:
Kuma in guguwar ƙanƙara ta rufe hanyar dutse, ya ƙare hutunsa a ɗakin otal. A gida kuwa yana duba hasashen yanayi, ya zaɓi rana biyu ko uku mafi sauƙi a cikin makon, sauran ya huta. Da hunturu zaɓen rana ya fi zaɓen kogi tasiri, Kawu.

Abban Minesota:
Ku da kuke kiran sanyi, ku zo nan ku gani. Duk da haka muna fita. Kudu maso gabashin Minesota, da kudu maso yammacin Wiskonsin, da arewa maso gabashin Ayowa yanki guda ne da ake kira Driftless, cike yake da ƙananan rafukan idon ruwa. A Minesota ana buɗe kama-ka-saki na hunturu ranar 1 ga Janairu, Wiskonsin kuma Asabar ta farko a Janairu, Ayowa ba ta rufewa. Dabarata ita ce in bi rafi zuwa sama har inda ƙanƙarar gefe ta ƙare, in ga ganye kore a ruwa. Nan idon yake, nan kifin ya taru. Kuma kada ka yi sammako. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 3 na yamma ne lokacin, sa'ad da ruwa ya ƙaru da digiri ɗaya ko biyu. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba: ranar da rana ta buɗe sosai bayan an zuba dusar ƙanƙara, narkewarta na kwarara cikin rafi ta ƙara masa sanyi, sai kifi ya rufe baki da tsakar rana. Ranar lumshi marar iska, wadda ma'auni ya ɗan haura sifiri, ta fi.

Ɗan Yauri:
Allah ya saka da alheri. Wato Gunpowder ɗin da nake wucewa a mota. To me zan ɗaura? Abin da ke akwatina duk manyan ƙwari ne na bazara, masu yawo a saman ruwa.

Abban Minesota:
Ajiye su sai Mayu. Abincin hunturu wasu ƙananan ƙwari ne masu kama da sauro amma ba sa cizo, su suka fi ƙyanƙyashewa ko ana zuba ƙanƙara. Kifi tsutsarsu yake ci a ƙasa. Ka nemi ƙugiya lamba 20 zuwa 24, ka san lambar na hawa ƙugiyar na ƙanƙancewa. Baƙin zare ne kawai aka naɗa mata, aka zagaya da siririyar waya mai ƙyalli, da ɗan dutsen ado a ka, duka ba ta kai ƙwayar shinkafa ba. A shago ka ce Zebra Midge. Jan zare ma yana aiki. A rafukan su Hajiya ka ƙara da kwaikwayon 'yan ƙwarin nan masu toka-toka da ke maƙale a ganyen ruwa. Zaren bakin ƙugiya ya zama siriri, mai lamba 6X, ka sa ɗan guntun dalma da zai kai ta ƙasa. Kifin hunturu ba ya bin abinci, sai ka kai masa gaban hanci. Nemi ruwa mai zurfi mai tafiya a hankali, ba mai gudu ba. Cizon ma ba ja ba ne, alamar da ke kan igiya za ta ɗan tsaya ne kawai, sai ka ɗaga sanda a hankali.

Zobban sandar da igiya ke bi ta ciki za su riƙa toshewa da ƙanƙara. Ka shafa musu man leɓe tun a mota, in sun toshe ka tsoma sandar a ruwa ka girgiza. Kada ka ɓamɓare da ƙarfi, kan sandar na karyewa. Ka rage jan jiƙaƙƙiyar igiya ciki da waje, ka tsaya kusa ka yi gajeren jifa.

Sani Fagge:
Ni fa daga Kano nake karanta ku, kuma akwai abin da ya tsaya mini a rai. Mutum ya shiga ruwan ƙanƙara, ya huda bakin kifi, ya ja shi har ya galabaita, sannan ya sake shi ya koma. Ba don yunwa ba, ba don sayarwa ba. Wannan ba wasa da rai ba ne? Ɗan Yauri, iyayenka da suka yi su a kogin Neja, abin da suka kama ai abinci ne.

Ɗan Yauri:
Yaya Sani, wallahi tambayarka ta taɓa ni, don ni ma ta daɗe tana yi mini yawo. A gidanmu ba a san sakin kifi ba sai in ƙarami ne.

Hajiya Maman Ilham:
Malam Sani, ka dubi yawan mutanen da ke kewaye da waɗannan rafuka. Gunpowder na gefen birni mai ɗaruruwan dubban mutane. In kowa ya tafi da biyu, kafin shekara ta zagayo babu sauran kifin da ke haihuwa a ciki. Dokar sakin ita ta sa har yau akwai shi. Wanda kuma yake son na miya, an tanadar masa: hukuma na kiwon turawut mai launin bakan gizo tana zubawa a wasu tafkuna da rafuka musamman don a kama a ci, da adadin da aka yarda wa kowa a rana. Mu ma muna zuwa can, muna gasawa.

Malam Habibu:
Hajiya, hujjarki ta nuna dalilin da ya sa ba a ɗauka, amma ba ta nuna dalilin da ya sa za a kama tun farko ba. Wanda ke tsoron ƙarewar kifi ai yana iya barinsa ya sha ruwansa. Ni abin da na fi natsuwa da shi, mutum ya je inda aka halatta ɗauka, ya kama abin da iyalinsa za su ci, ya gaggauta kashe shi ba tare da wahalarwa ba, ya naɗe igiyarsa. Ban ce wanda ya saki ya yi laifi ba, ba kuma fatawa nake bayarwa ba. Amma tausayin dabba abu ne da aka hore mu da shi, kuma sanyin da kuke magana yana ƙara wa kifin wahala.

Injiniya Bashir:
Wannan gaɓa ta ƙarshe gaskiya ce, Malam, kuma ko masu sakin sun yarda da ita. Ruwan da kifin ke ciki bai daskare ba, amma iskar waje tana iya kai digiri 10 ƙasa da sifiri. Ka ɗaga shi sama don hoto, jajayen sassan nan na gefen kai da yake numfashi da su, da idanunsa, suna iya daskarewa cikin ɗan lokaci. Zai yi iyo ya tafi kamar lafiya, ya mutu daga baya. Don haka wanda zai saki: ya danne ƙayar ƙugiya da filaya tun kafin ya fara, ya jawo kifin da wuri, ya bar shi cikin koma a cikin ruwa, ya zare ƙugiyar a nan. Kada ya kama shi da busasshiyar safar hannu, tana kwashe santsin da ke kare fatarsa. Kada ya kwantar da shi kan ƙanƙara.

Sai maganar ƙwai. Turawut mai ruwan ƙasa da kaka yake zuba ƙwai a cikin tsakuwa, kuma ƙwan na kwance a nan duk hunturu. In ka ga wani fili a ruwa marar zurfi inda tsakuwar ta yi haske kamar an share, ka zagaye shi. Taku ɗaya na murƙushe ɗaruruwa. Shi ya sa a White River ta jihar Akansas ake rufe sashen da ke gindin dam ɗin Bull Shoals daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Janairu.

Sani Fagge:
To na ji akwai masu kula. Amma har yanzu ina tare da Malam.

Kawu Sale na Denba:
Ni ma da na tsufa na rage. In na kama biyu ko uku na ga lafiyarsu, sai in zauna a kan dutse in sha shayi. Tunda Injiniya ya ambaci Akansas, can ma wuri ne na hunturu, kuma sanyinsu bai kai namu ba. A Little Red River aka kama turawut mai ruwan ƙasa mai nauyin fam 40 da oza 4 a 1992, ya daɗe yana riƙe da kambun duniya. Sai dai dam ɗinsu na wutar lantarki ne. Bull Shoals na da injin 8, in aka kunna su ruwa na tashi da sauri. Ka ji jiniya, ko ka ga dutsen da ka sa wa ido ya nutse, fita kawai, kada ka ce bari in yi jifa ɗaya.

Hajiya Maman Ilham:
Bari in yi magana a matsayina na ma'aikaciyar jinya, don wannan ya fi kifin muhimmanci. Ɗan Yauri, iyon da ka iya a Neja ba zai cece ka a ruwa mai digiri 4 ba. Kana faɗawa numfashi ke fara ƙwacewa, cikin 'yan mintuna hannu ya daina damƙa. Ka ɗaure bel a kan wandon shiga ruwa, tamau, don kada ruwa ya cika shi. Kada ka sa auduga a jikinka ko ɗaya, har singileti da safa, tana riƙe gumi ta daskarar da kai. Ulu ko na roba za ka sa. Kada ka cusa safa uku har takalmi ya matse, jini ne ke ɗumama ƙafa. Kada ka wuce gwiwa. Kada ka taka ƙanƙarar da ta yi rumfa a bakin kogi, ƙarƙashinta ruwa ne. Ka bar busassun kaya cikakku da tawul a mota, kuma kada ka yi nisa da motar. In ka fara karkarwar da ba ta tsayawa, ko ka kasa ɗaura ƙulli, ranar ta ƙare. Sannan ka gaya wa wani inda za ka da lokacin dawowarka.

Abban Minesota:
Ƙari a kan na Hajiya: takalmi mai tafin ji, wato irin na bargo, dusar ƙanƙara na manne masa ta yi tudu har ka kasa tafiya. A Merilan ma an haramta shi tun 2011 saboda yana ɗaukar gansakuka mai cutarwa daga kogi zuwa kogi. Na roba mai ƙusoshi za ka saya. Kuma ka tuna azahar da la'asar duk cikin awannin nan huɗu suke faɗowa a Janairu. Ni da alwalata nake fitowa daga gida, da ruwan ɗumi a fulas. Fitowa salla a gefen mota ma na ba ƙafa damar dawowa hayyacinta.

Zainab Gilasgo:
Ina bin ku daga Sukotlan. Don 'yan uwa da ke Birtaniya kada su ɗauka haka abin yake a nan: turawut mai ruwan ƙasa a rufe yake a Sukotlan daga 7 ga Oktoba zuwa 14 ga Maris, Ingila da Wales ma kogunansu a rufe suke da hunturu. Abin da ake bi a kogi yanzu shi ne ɗan uwansa mai doguwar tuta a baya, grayling, shi sanyi bai hana shi ci ba, ana samunsa a Tweed da Clyde da Annan. Mai son turawut lalle sai ya je ƙananan tafkunan kuɗi da ake zuba mai bakan gizo. Wanda kuma yake da hali, Janairu tsakiyar bazara ce a Lesoto da tsaunukan Drakensberg na Afirka ta Kudu, kuma akwai turawut a can.

Ɗan Yauri:
Na gode ƙwarai, iyayena da yayyena. Ga abin da na tsayar. Zan duba hasashe in ware kwana biyu mafi sauƙi in yi Gunpowder, daga hantsi zuwa la'asar, kusa da dam. In hanya ta yi kyau in hau Newville rana guda. Kawu, San Juan sai na ƙware da ƙananan ƙugiyoyin nan, in Allah ya kai mu baɗi. Yaya Sani da Malam, maganarku ban ajiye ta ba. Duk ranar da iska ta yi ƙasa da sifiri sosai ba zan taɓa kifin da zan saki ba, kuma zan nemi inda ake zubawa don in kawo na miya. Hajiya, lasisina na Merilan zai yi aiki a wajenku?

Hajiya Maman Ilham:
A'a, kowace jiha da nata. Za ka sayi na Fensilbaniya na baƙo, akwai na 'yan kwanaki, sannan ka ƙara da izinin turawut daban. Ta intanet ake yi, minti kaɗan ne. Ka duba naka na Merilan ma ko bai ƙare ba, da hatimin turawut ɗinsa. In ka sa ranar ka sanar a nan, maigidana ya ce zai tare ka a Newville ya nuna maka inda ake ajiye mota da inda aka hana shiga, don wani ɓangaren bakin rafin gonakin mutane ne.

Kawu Sale na Denba:
Ka sayi ƙugiyoyin da yawa, aƙalla dozin biyu, da tabarau mai ƙara girma in idonka na buƙata. Kuma ka ɗaura biyu ko uku a zarensu tun a ɗaki, ka naɗe a guntun soso, don a bakin ruwa yatsunka ba za su iya zura zare a lamba 22 ba.